Darasi na Bakwai: Yadda Kamfanin Abinci Ke Raba Riba ga Masu Hannun Jari

Kusan duk kantin da mutum ya leƙa a Haɗejiya, ko Malam Madori, ko Kafin Hausa, zai tarar da sukarin Dangote da taliyar BUA da Maggi da Milo na Nestlé jere a kan kanta. Kamfanonin da ke yin waɗannan kaya suna cikin waɗanda ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar hannayen jari ta Nijeriya da ke Legas, wadda tun 2021 ake kira NGX. Wato mai shayi a bakin tasha, da matar da ke turara shinkafa a gida, da malamin firamare da ya yi ritaya, kowannensu yana iya mallakar ɗan yanki na kamfanin da yake sayen kayansa kullum. Wanda ya mallaki yanki kuwa yana da rabo a cikin riba. A kan wannan rabo darasinmu zai tsaya: nawa ake rabawa, nawa ake riƙewa, wa ke da ta cewa, kuma me ya sa wata shekarar kuɗi ke faɗowa a asusu, wata shekarar a ji shiru.

Abin da ake so daga ɗalibi a ƙarshen darasi shi ne ya iya lissafa rabonsa da kansa, ya kuma san tambayar da zai yi idan kamfani ya ce bana babu rabo.

Tsakanin ci da ajiya

A ce mutum goma a Auyo sun haɗa kuɗi sun sayi injin casar shinkafa, kowa ya zuba daidai da na ɗan'uwansa. Shekara ta zagayo, aka sallami mai kula da inji, aka fitar da kuɗin man dizal da na gyara da haraji, sai naira miliyan 2 ta rage. Wannan ita ce riba. Wani zai ce a raba duka, kowa ya ɗauki dubu 200 ya yi hidimar iyali. Wani zai ce a raba rabi, da sauran a sayi na'urar tsince tsakuwa, tunda masu saye daga Kano sun fi ba da kuɗi mai kyau a shinkafar da ba ta da tsakuwa. Na uku zai ce kada a raba ko kwabo bana, a sayi shanshera da kaka tana araha, a ajiye, inji ya samu aiki har damina ta faɗi.

Babu wanda ya faɗi shirme a cikin ukun. Na farko yana da buƙata a gida, kuma don ya amfana ya zuba kuɗinsa. Na biyu da na uku sun san da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma akwai sharaɗin da ba a faɗa ba a cikin maganarsu: kuɗin da aka riƙe dole ya haifar da abin da ya fi wanda mai shi zai samu da an ba shi a hannu. Idan aka riƙe miliyan ɗaya, shekara ta dawo babu na'ura, babu shanshera, babu bayani, to an cuci mai rabo, ko da kuwa ba wanda ya saci kwabo.

Wannan shawara ce kamfanoni masu biliyoyin naira ke yankewa kowace shekara. Hanyar da kamfani ya saba bi a kanta ita ake kira manufar rabon riba. Wani kamfanin ya saba raba kaso tsayayye na ribarsa, ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Wani yana ƙoƙarin biyan adadi ɗaya a kan kowane hannun jari, yana ɗan ƙarawa a hankali, don kada masu jari su ga rabo na hawa da sauka. Wani kuma sai ya gama ware kuɗin ayyukansa, abin da ya rage shi yake rabawa.

Abin da doka ta ce

Mutum goman Auyo za su iya zama a tabarma ɗaya su gama magana kafin la'asar. Kamfanin da masu hannun jarinsa suka kai dubbai, warwatse daga Legas har Birniwa, ba zai iya haka ba, shi ya sa doka ta shata hanya. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta ɗora nauyin farko a kan daraktoci. Su ne ke duba asusun shekara bayan masu binciken kuɗi sun tantance shi, su ba da shawarar a biya kaza a kan kowane hannun jari. Daga nan sai a kai shawarar gaban babban taron shekara-shekara na masu hannun jari. Taron yana da ikon amincewa, yana da ikon ragewa, amma ba shi da ikon ƙara ko kwabo a kan abin da daraktoci suka kawo. An yi haka ne don kada masu gaggawa su taru su kwashe kuɗin da kamfani ke buƙata don sayen kayan aiki da biyan bashi.

Idan aka nemi kaɗa ƙuri'a a taron, hannayen jari ake ƙirgawa, ba kawuna ba. Mai hannun jari miliyan ɗaya ya rinjayi mutum ɗari masu dubu ɗaiɗai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sharaɗi na biyu shi ne daga riba kaɗai ake rabo, ba a taɓa uwar kuɗi. Kuma ba ribar bana kawai ake dubawa ba: ana haɗa ribar da aka tara a shekarun baya, a cire asarar da aka tara, abin da ya rage shi doka ta yarda a raba. Saboda haka kamfanin da ya tafka babbar asara shekara biyu a jere yana iya dawowa cin riba a ta uku, amma ya kasa biyan rabo har sai ya cike ramin.

Akwai rabon tsakiyar shekara, wanda daraktoci ke iya biya da kansu idan sun ga ciniki na tafiya, akwai kuma rabon ƙarshe da ke jiran babban taro. Kamfani kan sanar da ranar da za a rufe rajista. Wanda sunansa ke cikin rajista kafin a rufe shi ke da rabon, ko da ya sayar da hannun jarinsa washegari. Kada wani ya ɗauka dabara ce ya saya ana gobe rufewa ya karɓi rabo ya sayar, domin kasuwa kan rage farashin hannun jarin daidai da kuɗin rabon da zarar ranar ta wuce. Kafin kuɗin ya iso asusunka kuma ana cire harajin kashi 10 cikin 100. Wani lokaci a maimakon kuɗi sai kamfani ya ba da kyautar ƙarin hannun jari, misali ɗaya a kan kowane goma. Adadin da ke hannunka ya ƙaru, amma na kowa ma ya ƙaru, don haka kasonka a cikin kamfanin yana nan yadda yake.

Kamfanoni uku, hali uku

Mu ɗauki shekarar 2022, wadda ta yi wa kamfanonin abinci kyau. Kamfanin Dangote Sugar Refinery, wanda ya shiga kasuwar hannayen jari a 2007, ya ci ribar kusan naira biliyan 54.7 bayan haraji. A lokacin yana da hannayen jari kimanin biliyan 12.1. Daraktoci suka ce a biya naira 1 da kwabo 50 a kan kowanne, jimla kusan naira biliyan 18.2. Idan kuka raba 18.2 da 54.7 za ku ga kashi ɗaya cikin uku aka raba, aka riƙe kashi biyu. Mai hannun jari 2,000 rabonsa naira 3,000 ne, a cire haraji 300, ya karɓi 2,700.

Nestlé Nigeria a shekarar ta ci ribar kusan naira biliyan 49, ta biya naira 25 a tsakiyar shekara da naira 36 da kwabo 50 a ƙarshe, wato naira 61 da kwabo 50 a kan kowane hannun jari. Hannayen jarinta ba su kai miliyan 800 ba, don haka jimlar rabon ta cinye kusan dukkan ribar. Haka kamfanin ya saba shekara da shekaru, kuma saboda wannan hali masu neman kuɗin shiga na kai a kai suka daɗe suna son sa.

Kada girman adadin ya ruɗe ku. Naira 61 ba lallai ta fi naira 1 da rabi amfani ba, domin hannun jarin Nestlé ɗaya a lokacin ya haura naira 1,000, na sukari kuwa bai kai naira 20 ba. Abin da ake aunawa shi ne rabo a kan farashin da ka saya. A ce ka sayi hannun jari a naira 20, aka biya ka naira 1 da kwabo 50: kashi 7.5 cikin 100 ke nan a shekara. Sai ka ɗora wannan a kan tsadar kaya. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 21 cikin 100, a Disamba na 2024 ta kai kashi 34.8. Rabo shi kaɗai bai rufe wannan giɓi ba. Ragowar fatan mai jari yana kan tashin darajar hannun jarin kansa, ita kuma darajar tana bin abin da aka yi da ribar da aka riƙe.

Na uku shi ne BUA Foods na Abdul Samad Rabiu, wanda ya shiga kasuwar a watan Janairu na 2022 da hannayen jari biliyan 18. Ya biya naira 4 da kwabo 50 na shekarar 2022, naira 5 da kwabo 50 na 2023, sannan naira 13 na 2024. A shekaru biyun ƙarshe abin da aka raba ya kusa kashi 9 cikin 10 na ribar. A nan maganar ƙuri'a ta dawo. Fiye da kashi 90 cikin 100 na hannayen jarin BUA Foods suna hannun wanda ya kafa shi, kamar yadda kimanin kashi biyu cikin uku na Dangote Sugar ke hannun uwar kamfanonin Dangote, mafi yawan na Nestlé Nigeria kuma ke hannun uwar kamfanin da ke Suwizalan. Ƙaramin mai jari ba shi ke tsara manufar rabo ba. Abin da doka ta tabbatar masa shi ne duk abin da aka biya a kan hannun jarin babba, daidai shi za a biya a kan nasa. Saboda haka kafin ka saya, duba wa ke riƙe da kaso mafi girma, kuma me ya saba yi da riba.

Shekarar da rabo ya ɗauke

A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira ga kasuwa. Dala da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta kai kusan naira 900 a ƙarshen shekarar, ta haura 1,500 a ƙarshen 2024. Ku yi wannan lissafi a allo. A ce ana bin kamfani bashin dala miliyan 100. A farashin 460 bashin naira biliyan 46 ne. A farashin 900 ya zama biliyan 90. Kamfanin bai ƙara cin bashi ba, cinikinsa bai ragu da buhu ɗaya ba, amma dole ya rubuta asarar naira biliyan 44 a littafinsa.

Haka ta faru da Dangote Sugar. Matatarsa da ke Apapa ɗanyen sukari take tacewa, mafi yawansa daga Barazil, kuma da dala ake biya. Cinikin kamfanin ya tashi daga kusan naira biliyan 403 a 2022 zuwa biliyan 441 a 2023, duk da haka ya rufe shekarar da asarar kusan biliyan 74, ya kuma yi asarar fiye da biliyan 190 a 2024. Nestlé Nigeria, wadda ke ɗauke da bashin dala daga uwar kamfaninta, ta yi asarar kusan biliyan 79.5 a 2023 da biliyan 164 da ɗoriya a 2024. Masu hannun jarin kamfanonin biyu ba su ga rabon waɗannan shekaru ba. Mutanen gari suna ganin sukari da madara suna ƙara tsada, suna cewa kamfani na kwasar kuɗi, alhali mai hannun jari yana zaune hannu rabbana.

BUA Foods ma yana shigo da ɗanyen sukari da alkama daga waje, shi ma faɗuwar naira ta taɓa shi, sai dai asarar canjin ba ta kai ta cinye ribarsa ba, ya ci gaba da biya. Ke nan shigo da kaya daga waje shi kaɗai bai isa ya kashe rabo ba. Abin dubawa shi ne nauyin bashin dala da ke wuyan kamfani a ranar da naira ta karye, da kuma yawan abin da ya tanada. Kamfanin da ya saba raba kusan dukkan ribarsa yana faranta ran masu jari a shekarun daɗi, amma ranar da iska ta juya ba shi da abin jingina.

Inda maganar ta shafi fadamar Haɗejiya

Wani ɗalibi zai ce duk wannan harkar Legas ce. A'a, ta zo har bakin kogi. Maganin dogaro da dala shi ne kamfani ya samu kayan aikinsa a cikin gida, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da ribar da aka riƙe aka zuba a gonaki da madatsun ruwa da injuna. Tun 2012 gwamnatin tarayya ta fito da babban shirin noman rake, wanda ya ɗaure izinin shigo da ɗanyen sukari da sharaɗin kamfani ya zuba jari a noman rake a gida. Ayyukan Dangote Sugar a Numan ta jihar Adamawa da Tunga ta jihar Nasarawa suna ƙarƙashin wannan shiri, kuma irinsu ne dalilin da kamfani ke bayarwa idan ya riƙe kaso mai yawa na riba.

Ƙasar Haɗejiya tana cikin wuraren da kamfanonin abinci ke hange. A watan Fabrairu na 2016 kamfanin Dangote Rice ya ƙaddamar da shirinsa na haɗin gwiwa da manoman shinkafa a nan, inda ake ba manomi iri da taki, a sayi shansherarsa bayan girbi. A 2018 aka aza harsashin masana'antar casar shinkafa ta kamfanin a wannan masarauta. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, mai faɗin kusan hekta 6,000, a watan Nuwamba na shekarar kuma Ministan Noma Abubakar Kyari ya ƙaddamar da noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya a Kadume. Shinkafa da alkama su ne abin da masana'antun casa da na fulawa ke nema ruwa a jallo.

Dangote Rice ba ya cikin kasuwar hannayen jari. Amma a 2023 aka sanar da shirin haɗe shi da Dangote Sugar da kamfanin gishiri na NASCON, su zama kamfanin abinci guda. Da an yi haka, da duk mai hannun jarin sukari ya wayi gari yana da kaso a masana'antar shinkafar da ke ƙasar Haɗejiya. A watan Afrilu na 2024 aka dakatar da shirin, bayan hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta yi tsokaci a kan cewa kamfanin shinkafar bai fara aiki ba tukuna.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan, domin nan ne zuciyar darasin. Mai hannun jarin sukari da ke Ibadan yana da hujjar tambaya: me ya sa za a haɗa kamfanina mai ciniki da wanda bai fara kawo kwabo ba, a ɗauki ribar da za a raba mini a zuba a can? Manomin Kaugama kuwa fatansa a zuba kuɗin, injuna su tashi, ya samu mai sayen shansherarsa a kusa maimakon ya jira 'yan kasuwa su yanka masa farashi da kaka. Yanzu a ce mutum ɗaya ne, yana noma a fadama kuma yana da 'yan hannayen jari. Rabon naira 2,700 a shekara bai kai abin da zai samu ba idan farashin buhunsa ya ɗan ɗaga saboda masana'anta na saye a ƙofar gida. A ganina, mutumin wannan yanki ba shi da dalilin ƙin kamfanin da ya riƙe riba don ya gina abin da ido zai gani. Abin da bai kamata ya yarda da shi ba shi ne riƙon da ba a faɗi ranar ƙarewarsa ba. Kamfanin da ya ce ya rage rabo don aikin noma, a tambaye shi hekta nawa aka nome bana, tan nawa aka girbe, kashi nawa na kayan aikinsa yanzu ke fitowa daga cikin gida, yaushe kuma masana'anta za ta fara juyawa. Amsoshin nan ya kamata su fito a rahoton shekara, kuma ƙaramin mai jari yana da haƙƙin tashi a babban taro ya nema.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa noman gida ba shi da nasa haɗarin. Mu ne shaida. Ambaliyar 2022 ta shafe gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Ciyawar kachala tana toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin, tsuntsayen jan-baki kuma suna iya gama gonar shinkafa a 'yan kwanaki. Kamfanin da ya dogara da fadama ya tsira daga dala ya shiga hannun ruwa. Shi ma yana buƙatar tanadi, don haka ba a tsammanin ya raba ribarsa kakaf.

Halal ne?

Tambayar nan ba ta rasa tasowa a aji. Rabon hannun jari ya bambanta da kuɗin ruwa ta fuskar cewa ba a yanke shi tun farko ba: in an ci riba ka samu, in an faɗi ka rasa, jarinka ma yana iya raguwa. Malamai da yawa suna ɗaukar sa a matsayin tarayya a kasuwanci, matuƙar sana'ar kamfanin halal ce. Suna kuma duba yawan bashi mai ruwa da kamfanin ke ɗauke da shi, da abin da yake samu na ruwa daga ajiyar banki, wasu su ce a fitar da kason wannan daga rabo a yi sadaka da shi. Tun 2012 kasuwar tana da jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idojin shari'a, mai suna NGX Lotus Islamic Index, kuma ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Hukuncin zakka a kan hannun jari da rabonsa a kai shi gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Wanda ya zo ya ce ka kawo kuɗi zai riƙa ba ka kashi kaza kowane wata babu fashi, ba hannun jari yake sayar maka ba. Waɗanda MMM ta cinye wa kuɗi a 2016 irin wannan alkawari aka yi musu.

Rabon da ba a karɓa ba

A ƙarshen 2006, lokacin da aka sayar wa jama'a hannun jarin Dangote Sugar a naira 18, da shekarun da bankuna suka yi ta tallar nasu, mutane da yawa a Arewa sun saya. Da kasuwa ta faɗi a 2008 sai aka jefa takardun a adaka aka manta. A wancan zamani ta gidan waya ake aiko da takardar biyan rabo, wasu sun sauya gida, wasu sunan da suka rubuta ya saɓa da na asusun bankinsu, wasu sun rasu magada ba su sani ba. A 2023 hukumar SEC ta ce rabon da ba a karɓa ba a ƙasar ya kai kusan naira biliyan 190.

Yanzu kai tsaye ake biya a asusun banki. Kowane kamfani yana da rajistara, wato kamfanin da ke riƙe masa sunayen masu hannun jari. Mutum zai cike fom na karɓar rabo ta banki, a bankinsa ko wajen rajistaran, a haɗa da lambar BVN, sai a biya shi har da na shekarun baya. Idan mai jarin ya rasu, magada za su nemi takardar kotu da ta ba su ikon kula da dukiyar mamaci. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce rabon da ya shekara 6 ba a karɓa ba ana mayar da shi wani asusun amana na gwamnatin tarayya, amma yana nan a matsayin bashi a kanta, mai shi na iya nema. Hukumar SEC tana da ofis a Kano, kuma a wajenta ake tabbatar da ko dillalin hannun jari yana da rajista kafin a miƙa masa kuɗi.

Aikin aji

1. Wata baiwar Allah tana da hannun jarin BUA Foods 500. Nawa ya shiga asusunta daga rabon shekarar 2024 bayan an cire haraji?

2. Kamfani ya ci ribar naira biliyan 30, yana da hannayen jari biliyan 10, ya biya naira 1 a kan kowanne. Kashi nawa ya raba, nawa ya riƙe?

3. Ana bin kamfani dala miliyan 20. Dala ta tashi daga naira 900 zuwa 1,500. Nawa bashin ya ƙaru a naira?

4. Ku kasu gida biyu. Gida ɗaya masu hannun jari ne da ke son a raba riba bana, ɗaya kuma manoman shinkafa ne da ke son a kammala masana'anta. Kowane gida ya kawo hujja uku, sannan ku haɗu ku rubuta tambayoyin da za ku yi wa daraktoci a babban taro.

Duk wanda ya san akwai tsohuwar takardar hannun jari a gidansu, tasa ce ko ta mahaifi da ya rasu, ya rubuto sunan kamfanin da adadin hannayen jarin ya zo da su mako mai zuwa, za mu nemo rajistaran kowane kamfani tare a aji. Asalin takardar da lambar BVN a bar su a gida, kada a ba kowa sai ma'aikacin banki ko na rajistara.